Tsofaffin shagunan Madison: yadda aka ceci titin kasuwar wani ƙaramin gari

A shekarar 1977 ƙungiyar National Trust for Historic Preservation, wadda ke fafutukar kare gine-ginen tarihi a Amurka, ta zaɓi ƙananan garuruwa uku domin ta gwada wata dabara a kan tsofaffin titunan kasuwarsu: Galesburg a jihar Illinois, da Hot Springs a Dakota ta Kudu, da Madison a kudancin Indiana. Garuruwa kusan 70 ne suka nemi shiga. Mai jagorantar shirin, Mary Means, tana ofishin ƙungiyar da ke Shikago, kuma tambayar da ke gabanta mai nauyi ce. Gidan attajiri guda ana iya saye, a gyara, a sa maigadi, a buɗe wa baƙi su zo kallo. To titi guda mai shaguna sama da ɗari fa, kowane da mai shi, kowane mai shi da bashinsa da magadansa da lissafinsa, wa zai saya?

Na zaɓi Madison daga cikin ukun saboda a nan ne maganar ta fi fitowa fili. Shi ne mafi tsufa a cikinsu, kuma mutanensa sun riga sun san abin da ke hannunsu. Tun 1960 John Windle ya kafa ƙungiyar Historic Madison tana ceto tsofaffin gidaje, a 1973 kuma aka saka tsohon garin a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Duk da haka ciniki na ta zamewa daga babban titin. Ashe son tarihi daban, riƙe shago daban. Shago ba ya adanuwa yadda ake adana fada ko kabarin wani babba. An gina shi ne domin a buɗe da safe a rufe da yamma, kuma ran da aka daina haka ya fara lalacewa ke nan, ko sunansa na cikin rajista ko ba ya ciki.

Garin da arziki ya ratsa ya wuce

An yanka filayen Madison a 1809 a bakin kogin Ohio, tsakanin Cincinnati da Louisville, a wani siririn kwari: kogi ta kudu, tsaunuka masu tsayin ƙafa 400 ta arewa. A zamanin jiragen ruwa masu tururi, wannan wuri ne na samu. Amfanin gonar Indiana yakan gangaro nan ya hau jirgi, kayan masarufi kuma su sauka a nan su shiga cikin ƙasa. Akwai mayankan aladu, da injinan niƙa, da masana'antun zubin ƙarfe, da masu ƙera jiragen ruwa. Layin dogo na farko a jihar daga nan ya tashi. An fara shi a 1836, aka fasa dutse aka haura da shi tudu ta wata hawa mai tsananin miƙewa, ya isa Indianapolis a 1847. A ƙidayar 1850 mutanen Madison sun haura 8,000, kusan kai ɗaya da Indianapolis, babban birnin jihar.

Daɗin bai daɗe ba. Cikin shekarun 1850 aka shimfiɗa wasu layukan dogo da suka haɗa manyan biranen ba tare da sun bi ta Madison ba, fataucin kogi kuma ya ja baya. Garin bai mutu ba, tsayawa ya yi. Ya ci gaba da ƙananan sana'o'insa, ya gina masaƙar auduga ta Eagle a 1884, 'yan kasuwarsa sun sake fuskokin shagunansu daidai da yayin ƙarshen ƙarni na 19. Amma shekara ɗari bayan ganiyarsa, a ƙidayar 1950, mutanensa ba su kai yawan na 1850 ba.

Wannan tsayawar ce ta adana ginin, kuma ya kamata a faɗe ta ba kwana-kwana. Ba hangen nesa ba ne ya hana kakannin mutanen garin rushe shagunan, rashin dalili ne da rashin kuɗi. Inda gari ke bunƙasa, fili kan fi ginin da ke kansa daraja, sai a ture ginin. Inda ya tsaya, sai a yi ta faci ana zama. Da ci gaba ya dawo bayan yaƙin duniya na biyu, kwarin ba shi da sauran fili, sai sababbin gidaje da masana'antu da manyan kantuna suka hau kan tudu. Manyan hanyoyin tarayya da aka soma ginawa bayan dokar 1956 ma ba su bi ta garin ba. Tsohon gari ya tsira daga katafila, amma masu sayayya sun bi kwalta sun hau sama.

Abin da ke cikin tsohon shago

Kafin a yi maganar ceto, sai a san abin da ake ceton. Masu zuwa Madison yawon buɗe ido sukan fara ne da gidan Lanier, wanda mai zanen gini Francis Costigan ya kammala wa wani babban mai banki a 1844. Gida ne na gani na faɗa, amma labarin mutum ɗaya yake bayarwa. Shagunan babban titi kuwa, waɗanda galibinsu ba a ma riƙe sunan maginansu ba, su ne ke nuna yadda kuɗin garin ya zagaya daga hannu zuwa hannu.

Tsarinsu kusan ɗaya ne ko da fuskokinsu sun bambanta. Filin siriri ne ta gaba, mai zurfi ta ciki, domin bakin titi shi ne mai tsada, kowa na son rabonsa. Hawa biyu ne ko uku, na jan bulo. Ƙasa shago, sama kuma gidan mai shagon, ko ofishin lauya, ko ɗakin likitan haƙori, ko zauren taron wata ƙungiya. Maƙwabta biyu sukan yi tarayya a bango ɗaya.

Fuskar shagon ita ce inda basirar take, kuma babu abin da aka sa a wurin don ado kawai. Da can sai an yi kaurin ginshiƙin bulo kafin ya ɗauki nauyin benen, taga kuwa ta zama 'yar ƙarama. Da zubin ƙarfe ya yawaita a tsakiyar ƙarni na 19, siririn ginshiƙi ya isa ya ɗauki wannan nauyi, sai aka samu sararin saka faffaɗan gilashi, haja ta fito fili tana kiran mai wucewa. Akan tura ƙofa ciki kaɗan domin a ƙara wurin baje kaya hagu da dama, mai shiga ya samu mafaka daga ruwan sama, kuma ƙyauren kada ya bugi mai tafiya a gefen titi. Sama da babbar tagar akwai jerin ƙananan tagogi, aikinsu jefa haske can ƙuryar shago a lokacin da babu lantarki. Daga shekarun 1890 har wani gilashi mai gurzajjen baya aka ƙirƙiro wanda ke karya hasken ya kai shi ƙarshen ɗaki. Silin mai tsayi yana ba iska hanya lokacin zafi. Adon da ke can ƙolin gini, wanda mutum zai rantse sassaƙar dutse ce, sau da yawa farantin ƙarfe ne da aka buga a inji. Kamfanin George L. Mesker na Evansville, a bakin wannan kogi na Ohio, ya sayar da irinsa ga ƙananan garuruwa bila adadin: ɗan kasuwa ya zaɓa a littafin samfuri, a aiko masa ta jirgi. Wanda ya sunkuya ya duba gindin ginshiƙi, sau da yawa zai ga sunan masana'antar da ta zuba shi. Ke nan fuskar shago ɗaya tana ɗauke da tarihin sana'a, da na sufuri, da na burin ƙaramin ɗan kasuwa da ke son a ga ya kai.

Amma darajar mafi girma ba ta cikin gini ɗaya, tana cikin jerin. A ɗauki kowane shago shi kaɗai, da wuya a ce abin mamaki ne. A jera sittin, tsayinsu kusan ɗaya, tagoginsu a layi, ƙofa na bin ƙofa kowane 'yan taku, sai a samu titin da ƙafa ke son takawa. Jerin shaguna kamar haƙora ne a baki: a cire ɗaya, giɓin ba ya tsayawa a wurinsa, na gefe su ma sai su fara girgiɗi. Wannan ba salon magana kaɗai ba ne. Bangon tarayya da bulo mai taushi aka yi shi, domin ba a taɓa nufin ya ga ruwa ba. Ran da aka rushe maƙwabci, bangon ya fito fili, danshi ya fara cinsa. Mai tafiya kuma idan ya iso wurin da babu taga sai filin ajiye motoci, yakan ɗauka kasuwar ta ƙare ya juya, shagunan da ke gaba su rasa shi.

Akwai wata daraja da masu kallon ado kan manta. Ginin da ya daɗe da biyan kuɗin gininsa yana iya ba da haya mai sauƙi, kuma a ƙananan ɗakuna. Mai gyaran takalma, mai sayar da littattafai, matashiyar da ke gwada sana'a da ɗan jarinta, ba su iya hayar sabon gini. Garin da ya rushe tsofaffin shagunansa ya rufe ƙofar da masu ƙaramin ƙarfi ke bi su shiga kasuwa. A ganina wannan hujja ta fi ta kyan gini ƙarfi, kuma ita ce ta fi ratsa zuciyar wanda bai damu da tarihi ba.

Yadda shago ke mutuwa

Ba a rana ɗaya abin ke faruwa ba, kuma daga sama yake farawa. Da mota ta yawaita, mai shago ya bar gidansa na bene ya koma sabuwar unguwa. Lauya da likita suka bi. Benen ya zama ma'ajin kwalaye, daga baya aka daina hawa. Wasu ma cire matakalar suka yi domin su ƙara faɗin shago. Ginin da aka tsara zai ci daga hawa biyu ko uku, yanzu hawa ɗaya ne ke biyan haraji da inshora da gyaran rufi. Kuɗin ba ya isa, sai a jinkirta gyara. Indararo ya toshe, rufi ya fara yoyo, kuma babu kowa a sama da zai ga ɗigon farko. Kafin ruwa ya bayyana a silin shago, katakon da ke riƙe rufin ya riga ya ruɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan tsagar ta fara ne tun ranar da aka kulle ƙofar bene.

Sai kuma ɓarnar da aka yi da kyakkyawar niyya. Manyan cibiyoyin sayayya na bayan gari sun zo da sheƙi, 'yan kasuwar tsohon titi suka ga mafita ita ce su yi kama da su. A duk faɗin Amurka aka yi ta lulluɓe fuskokin gine-gine da farantan alminiyam, aka toshe tagogin sama, aka sauko da silin, aka rataya manyan allunan roba masu fitila, kowane na neman ya rufe na maƙwabcinsa. Masu son fito da jan bulo kuma suka yi ta feshinsa da yashi mai ƙarfi domin cire fenti. Tsohon bulo ɓawonsa na waje ne kawai mai tauri. A kankare shi, ruwa ya shiga, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar bulon ta riƙa ɓarewa. Haka nan cike tsakanin bulo da siminti: tsohon kwaɓi na farar ƙasa ne, yana da taushi, yana barin danshi ya fita ta cikinsa. Siminti ya fi bulon tauri, sai danshin ya nemi hanya ta cikin bulon kansa ya farfasa shi. Birkila mai gaskiya, da kayan zamani masu kyau, yana iya kashe bangon da ya shekara 120 lafiya.

Garuruwa da dama sun gwada manyan magunguna. Wasu sun rushe layi guda don filin mota. Wasu sun hana mota bin babban titi gaba ɗaya, kamar yadda Kalamazoo ta fara a 1959; garuruwa kusan 200 suka kwaikwaya, yawancinsu kuma daga baya suka sake buɗe titin. Wasu suka ari tarihin da ba nasu ba, kamar Leavenworth ta jihar Washington da ta yi wa gine-ginenta shigar ƙauyen Jamus a shekarun 1960. Ta samu baƙi, ba a musu, amma abin da baƙin ke kallo ba labarin garin ba ne. Madison bai sha irin wannan ɓarna sosai ba, ya dai ɗanɗana, kuma alamu sun nuna inda aka dosa.

Mutum ɗaya a kan titi

Shirin 1977 ya fara da abin da aka saba: ƙwararru suka zo suka nazarci gine-ginen da yanayin kasuwar. Abin da ya bambanta shi shi ne matakin da ya biyo baya. Da tallafin Bird and Son, wani kamfanin kayan gini, aka ɗauki ma'aikaci na cikakken lokaci a kowane gari na tsawon shirin. Na Madison shi ne Tom Moriarity. Ba shi da ikon hukuma. Ba ya iya hana kowa rushe gininsa, ba ya iya tilasta wa kowa ya yi fenti. Abin da yake da shi lokaci ne, da sanin gini, da zama a garin.

Hikimar ta fito ne daga abokin hamayya. Cibiyar sayayya ta bayan gari tana da manaja guda: shi ke tsara lokacin buɗewa, da talla, da tsabta, da irin shagon da za a kawo idan wani ya tashi. Tsohon titi yana da masu gida ɗari, babu mai kallon gaba ɗayansa. Aikin manajan babban titi shi ne ya zama wannan idon, amma da lallashi maimakon yarjejeniyar haya. Ya shiga shago ya zauna, ya ji abin da ke damun mai shi kafin ya kawo nasa. Ya zana masa yadda fuskar gininsa za ta kasance idan aka sauke allon nan aka buɗe tagogin sama, ya nuna masa cewa kuɗin bai kai yadda yake tsoro ba. Ya taimaka a gyara yadda ake baje kaya a taga. Ya haɗa 'yan kasuwa su yi talla tare. Ya je wurin banki da majalisar gari ya yi musu bayanin abin da ake ciki.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne yadda ya ƙi gaggawa. Ba a nemi a gyara titi duka a shekara ɗaya ba. Shago ɗaya aka nema, wanda mai shi ya yarda, a yi masa gyara mai araha wanda ido zai gani: a wanke bulo da ruwa da burushi, a yi fenti, a sa allon suna daidai girman wurinsa. Maƙwabci ya gani, ya ga masu wucewa na tsayawa, shi ma ya tambayi nawa aka kashe. Gani ya kori ji. Ɗan kasuwa ba ya sauya fuskar shagonsa saboda an yi masa lacca a kan ƙarni na 19, yana sauyawa ne idan ya ga na kusa da shi ya yi bai yi asara ba. Can a Ostareliya ma, a ƙarshen shekarun 1970 ɗin, tsohon garin haƙar zinariya na Maldon ya kai ga irin wannan dabara: aka naɗa masanin gini mai ba masu gidaje da shaguna shawara kyauta.

Daga wannan gwaji aka tace abubuwa huɗu da har yau ake aiki da su: haɗa kan masu ruwa da tsaki, tallata titin a matsayin wuri guda, kula da siffar gine-gine, da ƙarfafa cinikin kansa. A lura, ɗaya kawai cikin huɗun ne ya shafi bulo da katako. Ƙungiyar da aka kafa don kare gini ta wayi gari kashi uku cikin huɗu na aikinta kasuwanci ne da hulɗa da jama'a, kuma ta yi daidai da ta karɓi hakan.

Dokar haraji ta taimaka. Kafin 1976 dokar Amurka ta fi saka wa mai rushewa ya gina sabo. A shekarar aka fara juya ta, kuma tun 1986 wanda ya gyara ginin tarihi da ake neman kuɗi da shi, kamar shago ko gidan haya, ana rage masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyaran daga harajinsa na tarayya. Sharaɗin shi ne aikin ya bi ƙa'idojin da gwamnati ta gindaya: a gyara abin da ke gyaruwa maimakon a sauya shi, kada a yi feshin yashi, kada a ƙirƙiro wa gini tarihin da bai taɓa yi ba. Sai dai rangwamen na manyan gyare-gyare ne, da takardu masu yawa. Mai ƙaramin shago da ke son ya sake indararo ba ya cin moriyarsa, alhali indararon nan shi ne rayuwar ginin. Wannan giɓi ne da sai tallafin cikin gari ke iya cikewa, kuma daga baya majalisar Madison ta kafa irinsa, inda mai gini ke kawo rabo gari ya kawo rabo.

Wani abu da mutane da yawa ke kuskure a kansa: saka gini a rajistar tarihi ta ƙasa a Amurka ba ya hana mai shi rushe shi da kuɗin aljihunsa. Dokar gari ce kaɗai ke da wannan haƙori. Madison ya kafa hukumar da sai ta amince kafin a sauya fuskar gini ko a rushe shi a tsohon gari. Ina ganin tsarin da abubuwan suka bi yana da muhimmanci. Inda masu shaguna suka fara ganin amfanin gyara da idonsu, doka takan zo ta tarar da masu goyon bayanta. Inda aka fara da hani, kowane mai gini kan ɗauki masu kare tarihi a matsayin masu shiga masa dukiya.

Abin da aka samu, da abin da ya rage

Bayan shekara uku, ƙungiyar National Trust ta ce sababbin shaguna shida sun buɗe a tsakiyar Madison, kuma a garuruwan uku, duk dala 1 da aka kashe wajen tafiyar da shirin ta jawo dala 11 daga aljihun masu gine-gine da 'yan kasuwa. Lissafin masu shirin ne da kansu, sai a karɓe shi da wannan sanin, kuma shago shida ba juyin juya hali ba ne. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce abin da ya biyo baya. A 1980 aka kafa cibiyar ƙasa ta wannan aiki, aka faɗaɗa shi zuwa garuruwa 30 a jihohi shida, daga nan ya bazu zuwa fiye da dubu. A 2006 aka ɗaga tsohon garin Madison, mai rukunin gidaje 133, zuwa matsayi mafi girma da Amurka ke ba wurin tarihi. Masaƙar Eagle da ta daɗe a yashe ta zama otal a 2021. A 2024 shirin babban titin garin ya ci lambar yabo ta ƙasa da ake ba irin waɗannan shirye-shirye. Shagunan suna nan tsaye, a buɗe.

Ba zan ce dabarar ce kaɗai ta yi aikin ba. Madison yana da kogi, da tsaunuka, da manyan birane biyu da ba su da nisa a mota. Garin da ba shi da waɗannan, wanda matasansa ke ta ƙaura, fenti da manaja ba za su ƙirƙiro masa masu sayayya ba.

Akwai kuma tambayar tarihin wa ake adanawa. Kogin Ohio shi ne iyaka tsakanin Kentucky, inda ake bautar da bayi kafin a soke hakan a 1865, da Indiana, inda aka riga aka haramta shi. A unguwar Georgetown, 'yan taku kaɗan daga babban titi, baƙaƙen fata 'yantattu suka zauna, kuma su ne ƙashin bayan hanyar sirri da bayi ke bi su tsere arewa. George DeBaptiste mai aski ne a Madison, shagonsa kuma ya zama mahaɗar wannan aiki har barazana ta sa ya koma Detroit a 1846. Elijah Anderson maƙeri ne, ya mutu a kurkukun Kentucky a 1861 saboda taimakon masu gudu. Shagon aski da maƙera ba su da ginshiƙin ƙarfe mai ado. Wanda ya auna daraja da kyan fuska kaɗai zai wuce irinsu bai waiwaya ba, alhali abin da ya gudana a cikinsu ya fi na gidan mai banki nauyi. An daɗe ana yabon ginin Madison kafin labarin Georgetown ya samu wurin da ya dace da shi, kuma duk garin da zai yi ƙidayar tsofaffin shagunansa ya kamata ya tambayi dattawan kowace unguwa, ba masana gini kaɗai ba.

Matsalar da ta fi damuna ita ce wadda nasara ke haifarwa. Titi ya yi kyau, baƙi sun yawaita, haya ta tashi. Mai sayar da ƙusa da fenti, wanda ribarsa ƙarama ce, ba ya iya gogayya da mai sayar da kayan tsaraba. Sannu a hankali sai titin ya zama na 'yan ƙarshen mako, mutumin gari kuma ya hau tudu ya sayi abin da yake buƙata. Ginin ya tsira, amma dalilin da ya sa aka gina shi, wato ya biya wa mutanen gari buƙatarsu ta yau da kullum, ya raunana. Hukumar tarihi tana da ikon cewa ga irin tagar da za a sa. Ba ta da ikon cewa ga wanda zai yi haya.

Abin da ke iya rage wannan shi ne mazauna da ma'aikata. Kowane bene da aka mai da gidan haya yana kawo wa ginin kuɗin shiga na biyu, da idon da zai ga yoyo tun yana ɗigo, da mutumin da zai sauko ya sayi abin buƙata a ranar da babu baƙo ko ɗaya. Aikin yana da tsada, domin dokar kashe gobara na neman hanyar fita ta biyu da sababbin wayoyi, kuma a nan ne ya kamata tallafi ya fi karkata, ba ga fenti ba.

Sauran kuma yana hannun manyan ma'aikatu. A watan Mayun 2009, ana shirin bikin cikar garin shekara 200, gobara ta cinye ƙubbar kotun gunduma da ke kan babban titi, ginin da aka yi a tsakiyar shekarun 1850. Dama ce ta a ce an gaji da tsohon gini a koma tudu. Ba a yi haka ba. Aka gyara shi, ofisoshin suka dawo, kuma duk mai zuwa biyan haraji ko neman takardar fili yana bi ta gaban shagunan. Asibitin garin kuwa ya koma sabon gini a kan tudu a 2013, da dalilansa na fili da kayan aiki waɗanda ba wanda zai raina. Amma ma'aikatansa da masu zuwa dubiya, waɗanda a da suke sauka tsakiyar gari kowace rana ta mako, yanzu can suke yini.